Facin Alhamis da Sandar Awon Yadi

Ku da kuke cewa aikin danna maɓalli ne kawai, ku matso kusa. Jiya na ji ɗayanku yana nuna wa ɗan'uwansa waya, wai ita da kanta take gyara kanta yana barci. To madalla. Ni shekara goma sha ɗaya na yi ina yi wa inji faci duk ranar Alhamis, ban san baƙi ko ɗaya na boko ba, kuma ba a taɓa shiga injin da nake tsaro an ɗauki ko zare ba. Sunana Ladi. A Rijiyar Lemo aka haife ni, a nan na tsufa. Kafin wannan aiki ninkin atamfa nake yi wa 'yan kasuwa a Kwari, kuma har yau ban ga wanda ya fi ni daidaita bakin turmi ba.

Lokacin da soja suka koma bariki, duk wanda ya mallaki babbar riga biyu sai ya zama ɗan takara, kuma kowannensu yana son fuskarsa a jikin atamfa, mata su ɗaura ranar gangami. A nan Mulika ta samu hanya. 'Yar gidan Baba Rafi'u ce, Yarbawa Musulmi, kakanninsu suka zo Fagge da fatauci tun ba a haifi uwata ba. Hausarta ta fi tawa kaifi idan ranta ya ɓaci. Ta yi karatun kwamfuta, ta buɗe ofis a ɗakin da ke jikin zauren gidansu, tana zana wa 'yan siyasa atamfa da fosta. A ƙarƙashin teburinta akwai wani farin akwati, tsayinsa ya kai gwiwata. Saba ake ce masa. Ba ya barci. Duk zanen da ta yi a cikinsa yake, kuma wata masaƙa a Kaduna da masu buga fosta a Sabon Gari daga can inda suke suke ɗiban zanen, ta wata shuɗiyar waya da ta fita ta bango ta hau eriya a saman gida.

Ku gane abin da ke cikin akwatin nan. Mutum uku suna neman kujera ɗaya, ba sa ga maciji, amma zanensu duka yana kwance wuri guda. Kowa yana ɓoye launinsa da takensa sai ranar gangami. In na wani ya fita kafin ranar, ko ya ɓace, Mulika ta gama aiki a garin nan. Ba ta da wani jari sai cewa ana ba ta amana tana riƙewa.

Shara aka ɗauke ni. Rana ta uku na shiga na ga akwatin nan a fili, na ce abu mai daraja haka ba mayafi? Na samo ragowar atamfa mai kyau na lulluɓe shi ruf, har na soke gefe. Da Mulika ta dawo daga Kaduna da la'asar ta tarar yana huci kamar wanda ya yi gudu, ta yaye zanen ta kunna fanka a kansa, sannan ta juyo.

“Inna, ke in an lulluɓe ki da bargo a watan zafi, kya gode?”

“Ai ni mutum ce.”

“Shi ma ta bayansa yake numfashi. Kawo hannunki.”

Ta ɗora tafina a bayansa na ji iska mai ɗumi tana fita. Daga nan karatuna ya fara. Ba ta taɓa ce mini “ba za ki gane ba.” Abin da ya ɗaure ni da ita ke nan.

Faci kuwa ga yadda ta yi mini bayaninsa. Ta ce duk ingancin buhu akwai inda ɗinki ya yi rauni, kuma akwai ɓarayi a ƙasashen duniya da ba su da aiki sai laluben wurin, suna zaune a ɗakunansu. Waɗanda suka ƙera abin da ke cikin injin, in sun gano raunin, sai su aiko da faci ta waya. Injin da kansa yake karɓo shi ya ajiye, amma ba ya ɗinka shi sai an ba shi izini. Na ce me ya sa ba za ki bar shi ya ɗinka abinsa ba? Ta ce, “A garin da ba a ɗauke wuta ana bari. A Fagge in wuta ta tafi ana tsakiyar ɗinki, buhun duka ne yake farkewa. Sai an samu mutum ya tsaya a kai.” Ita kuma rabin sati ba ta gari. Ɗakin a rufe yake, injin shi kaɗai.

Ta gwada ni da abin nan da ake ja a kan tebur, hannuna ya ƙi shi. Ba ta matsa mini ba. Ta zauna kwana biyu tana rubuce-rubuce a cikin injin, sannan ta ɗauko jan farce ta ɗiga a kan maɓallai uku da ke jere a allon rubutun da ke kan tebur. Mai ɗigo ɗaya, kwafi: injin ya juye duk abin da ke cikinsa a wani faifai na daban. Mai ɗigo biyu, faci. Mai ɗigo uku, ya mutu ya sake tashi, don facin ya kama. Ta sa fuskar injin tana yi mini magana da launi. Rawaya, akwai faci yana jira. Kore, an gama lafiya. Ja, ki cire hannunki. Na ga masu digiri da yawa a rayuwata, amma wanda zai sunkuyar da iliminsa har ya zo daidai hannun mai shara, ita kaɗai na gani.

Kayan aikina ba su da yawa. Janareta a tsakar gida, da jarkar fetur. Busasshen tsumma. Wani baƙin akwatin batir da ke riƙe injin na ɗan lokaci in wuta ta yanke, yana kuka kamar ɗan tsako. Sai carbina, da shi nake auna lokaci. Sai kunnena. Injin lafiyayye yana da muryarsa, in wani abu ya shige shi yakan yi ta gurnani ba dalili. Kwafi yana ɗaukar tsawon dahuwar wake. Faci wani lokaci carbi biyar, wani lokaci ashirin. Daga mutuwa zuwa tashi carbi uku, in ya wuce huɗu akwai magana.

Akwai Alhamis ɗin da ba na mantawa, a shekarata ta farko. Na girgiza janareta na ji motsin mai, na ce ya isa. Muna tsakiyar ɗigo biyu ya yi tari ya mutu. Akwatin batir ya yi kukansa har ya gaji kafin in dawo da fetur daga bakin titi. Injin ya ƙi tashi. Mulika ta yi kwana biyu a kansa tana mayar da komai daga faifan kwafi. Na tsaya a ƙofa ina jiran sallama. Da ta gama ta ce, “Inna, ɗigo ɗaya ne ya cece mu. Da kin tsallake shi da yanzu muna kuka.” Ita ke nan maganar. Tun daga ranar ba na girgiza tanki, tsinke nake tsomawa in gani da idona. Kuma ko akwai wutar gari, kafin faci sai na mayar da ɗakin kan janareta.

Ta ƙara mini doka ɗaya. Ta kai ni bayan ɗakin ta nuna mini ƙaramin akwati a jikin bango inda shuɗiyar wayar ta shiga. Ta ce, “In wata rana kin kasa yin faci, kuma kin ji ana cuta a gari, zare wannan. Aiki zai tsaya, za a zage mu. Zagi yana wucewa.”

Shekarar wahala ita ce wadda zaɓe na biyu ya matso, kuma a cikinta Allah ya kira Mulika aikin Hajji. Ta shirya komai. Ta gama zanen kowa, ta cika jarkoki, ta ba ni makullin ofis. Abu ɗaya ta manta, ko kuma ta ji nauyin faɗa a gaban mutane. A gidansu akwai al'ada tun ta kakanni: wanda ya tafi Makka, ana sa wa ɗakinsa kwaɗo, babban gida ya riƙe makulli. Ba a buɗewa sai ya dawo da ƙafarsa, ko labarin rasuwarsa ya zo. Buɗe ɗakin mahajjaci a wurinsu kamar an yi masa fatan kada ya dawo ne. Ni na ɗauka ɗakin kwananta kawai za a kulle. Ranar Litinin muka raka ta, ranar Talata na zo da tsintsiyata na ga kwaɗo kamar kan jariri a ƙofar ofis.

Baba Rafi'u yayan mahaifinta ne, tsohon ɗan Kwari, ya sayar da yadi shekara arba'in. Yana zaune a zaure kullum a kan kujerar roba, sandar awon yadinsa ta katako a jingine kusa da shi, da ita yake korar awaki. Na durƙusa na gaishe shi.

“Baba Alhaji, ofis ne fa, ba ɗakin kwana ba.”

“A ina take wuni?”

“A ciki.”

“Sallayarta tana ina?”

“A ciki.”

“To ɗakinta ne. Ki huta, Ladi, sharar kwana arba'in ba za ta kashe kowa ba.”

“Ba shara ba ce, faci ne.”

“Faci? Taya ce a ciki?”

Mutanen zaure suka yi dariya. Na tashi. Janareta da fetur a waje suke, don haka wuta ban bari ta yanke masa ba. Tagar ɗakin kuma gilasanta a karkace suke saboda iska, bayan ƙarafunan tsaro, ina sa kunne ina jin muryarsa. Amma Alhamis ta zo ta wuce ban taɓa shi ba. Ita ce ta farko da na rasa.

Ranar Juma'a da safe na hau acaɓa zuwa Sabon Gari wurin Oga Emeka, mai buga fosta, ɗaya daga masu ɗiban zanenmu. Na je ne in roƙe shi ko yana da hanyar samun Mulika a waya. Na tarar da shagon cike da mutane a tsaye, ba mai aiki. Injinansa shida a jere, kowanne sai ya tashi, ya ɗan jima, ya mutu da kansa, ya sake tashi. Ya ce, “Mama, cuta ce, bairos. Tun jiya take bin layi. Ba sai ka buɗe komai ba, in dai wayarka tana haɗe kuma ba ka yi sabon faci ba, ta shigo. Aikin sati uku ya tafi.” Na ce facin ya fito? Ya ce tun makon jiya, shi ne ya ce sai ya samu sarari. Mulika kuwa ba ta samuwa, ba wanda ya san masaukinsu.

Ban tsaya sallama ba. Na dawo, na zagaya bayan ɗaki, na zare shuɗiyar waya na naɗe bakinta a leda.

Zagin bai daɗe ba. Asabar da hantsi Alhaji Sabo ya iso, shi ne mai kula da kamfen ɗin ɗaya daga 'yan takarar, da sabuwar wayar hannu a tafinsa yadda kowa zai gani. Masaƙa ta kira shi, sun zo ɗiban zane sun tarar da hanya a rufe, gangami saura kwana goma. Ya tsaya a zaure yana magana sama-sama.

“Wa ya taɓa injin?”

Na ce ni ce.

Ya dube ni daga ɗankwali zuwa silifas. “Baba, mai shara kuka bar wa aikin mutane?”

Baba Rafi'u bai ji daɗin wannan ba, ko da yake shi ma haka yake gani. Ya ce in mayar da shuɗiyar wayar. Na ce ba zan mayar ba sai na yi faci. Na faɗa musu abin da na gani a Sabon Gari. Na ce wa Alhaji Sabo, “In na mayar yanzu, ko zanenka ya ɓace, ko ya fita. Ka fi so ka ga launinka a jikin matan abokin takararku ranar Laraba?” Sai ya juya kan Baba, ya ce a fasa kwaɗon kawai.

Baba ya gyara zama. Ya ce, “Yarinyar nan tana tsakiyar miliyoyin mutane a ƙasar da ba tata ba. Ubanta ya rasu ya bar mini ita. Ko gwamna ne ya zo, ba na buɗe ƙofar nan da raina.” Muryarsa ba ta tashi ba, amma kowa ya san an gama.

Ina durƙushe idona ya faɗa kan sandar awon. Na ce, “Baba Alhaji, taga fa?”

“Ba kya shiga ta taga, akwai ƙarfe.”

“Ba ni zan shiga ba. Ara mini sandarka.”

Ya dube ni ya dubi sandar. Ya ce, “Ɗakin mahajjaci ba a sa ƙafa a cikinsa. Iska tana shiga ta taga kullum ban hana ta ba.” Ya miƙo mini.

Daga taga zuwa tebur ya fi yadi biyu. Na samo gorar shanyar kaya, na ɗaure sandar a bakinta da ƙyallen atamfa, ɗauri uku. Na yanko ɗan guntun robar silifas ɗina na ɗaure a tsinin don kada ya zame. Na zare gilasan taga biyu na jingine. Sannan na tsoma tsinke a tanki, na cika shi, na tayar da janareta na mayar da ɗakin kansa. Alhaji Sabo ya ce, “Ga wuta a gari kina ƙona mai.” Na koma gindin taga.

Ku da kuke raina maɓalli, ku sani faɗinsa bai wuce farcen babban yatsa ba, kuma ukun nan kafaɗa da kafaɗa suke. Gora tana rawa, nauyinta duk a wuyan hannu. In na nufi ɗaya na taɓa uku, injin zai mutu ba kwafi ba faci. Alhaji Sabo ya ce in ba shi, hannunsa ya fi ƙarfi. Na ce, “Alhaji, ƙarfi ne ba a so.” Na ɗora gorar a kan ƙarfen taga, na taɓa dogon maɓallin ƙasa don fuskar ta farka. Ta kawo haske. Rawaya. Facin ya riga ya sauko tun kafin in zare waya, yana zaune yana jira. Na kasa kunne. Muryarsa tana nan yadda na san ta.

Baba ya taso da kansa ya tsaya a kafaɗata. Idonsa na nesa ya fi na kusa, ya karanta manyan baƙaƙen. “Ya ce na biyu ne faci. To danna na biyu.”

“Ɗaya tukuna.”

“Ɗayan na mene ne?”

“Kwafi. Sai an dafa wake an sauke.”

Alhaji Sabo ya duba agogo ya ce masaƙa tana tashi da azahar ranar Asabar. Baba ya ce, “Ladi, yau ɗaya dai.” Na ce, “Baba Alhaji, kai ka riƙe ƙofarka, ban ce ka yi yau ɗaya dai ba. Ni ma bar ni da tawa.” Baba ya juya. Ya ce a kawo wa Alhaji Sabo kujera.

Na sauke numfashi na saki tsinin a kan ɗigo ɗaya. Ya shiga. Muka zauna. Azahar ta yi, suka je masallaci suka dawo, ni na yi tawa a gindin tagar. Da ya nuna kore na sake ɗaukar gora na danna ɗigo biyu. Ina carbi na bakwai sai rediyon mai shayi ya yi shiru, fankar zaure ta tsaya. An ɗauke wuta. Janareta bai ko yi tari ba. Na ga Alhaji Sabo ya dubi janaretan, ya dubi ƙasa.

Ɗigo uku shi ne na ƙarshe, hannuna kuma ya fara gajiya. Na yi bismillah na danna. Fuska ta yi baƙi, fankar cikinsa ta tsaya, ɗakin ya yi tsit irin wanda ban taɓa ji ba daga waje. Baba ya ce a hankali, “Kin kashe mata shi.” Na ce a bar ni in ƙirga. Carbi ɗaya. Biyu. Uku ya ƙare ba motsi. Ina tsakiyar na huɗu ya yi ɗan kukansa, iska ta taso, kore ya cika fuska. Na zagaya baya na kwance leda na mayar da shuɗiyar waya. Masaƙa ta riga ta tashi, sai Litinin suka ɗebi zanen, kuma atamfar ta iso ana jibi gangami. Alhaji Sabo bai ba ni haƙuri ba. Amma daga ranar in ya shigo zaure Hajiya Ladi yake ce mini, alhali ko filin jirgi sau ɗaya na taɓa zuwa.

Sauran Alhamis biyar duk ta taga na yi su. Baba da kansa yake miƙo sandar tun kafin in tambaya, ya tsaya yana karanta mini abin da na riga na sani, ni kuma ina ce masa to.

Ranar da Alhaja Mulika ta dawo, da haƙorin Makka a bakinta, gida ya cika. Baba ya ciro makulli daga aljihunsa ya buɗe kwaɗon a gaban kowa, ita ta fara sa ƙafa. Ko mayafi ba ta cire ba ta zauna a gaban injin, don yana rubuta ranar da aka yi masa kowane abu. Ta karanta ta karanta. Ta dubi tabon roba a kan maɓallan nan uku, ta dubi taga, ta dubi sandar da ke hannun Baba.

“Inna, Alhamis ɗaya ta koma Asabar.”

Kafin in buɗe baki Baba ya ce, “Wannan tawa ce. Ki rubuta ta a kaina.”

Ba ta ce a daina al'ada ba, shi ma bai ce ya yi kuskure ba. Ta miƙe ta kama gefen tebur ta ce in kama ɗaya gefen. Muka ja shi har jikin taga, inda hannuna zai kai ba gora. Bayan shekara uku da ta tafi Umara, Baba ya sake sa kwaɗonsa, ni kuma na yi facina a tsaye a tsakar gida, da yatsa.

Sandar ya bar mini ita kafin ya rasu. Tana nan bayan ƙofata, robar silifas ɗin ma ban cire ba. Wanda ya ce danna maɓalli ne kawai, ya je ya ɗauko ta, ga gorar shanya can. Zan ajiye masa ƙwayar wake uku a jere, yadi biyu daga inda yake tsaye. Ya taɓa mini ta tsakiya.